Wace ce ta fi a waƙoƙin Chuck Berry?

Malamin Turanci:
Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da aka tayar da zancen tsofaffin mawaƙan Amurka, na lura duk wanda ya kira sunan Chuck Berry sai ya bi shi da Johnny B. Goode, kamar bawan Allahn nan waƙa ɗaya ya yi a duniya. Kwana uku ke nan ina bin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, daga Maybellene ta 1955 har zuwa na 1964, kuma a kan ra'ayina nake: wadda ta fi duka ita ce Memphis, Tennessee ta 1959.

Ga dalilina. Mutum ne ya ɗaga waya yana roƙon ma'aikatan gidan waya su nemo masa wata Marie. Ya ce ta kira ba ta same shi ba, kawunsa ne ya karɓi saƙon ya rubuta a jikin bango. Ba shi da lambarta, sai kwatance: gidansu yana kan tudu, ba nisa da gadar kogin Mississippi. Ya ce uwarta ce ta raba su. Duk mai saurare zai ɗauka budurwa ce aka hana shi. Sai a baitin ƙarshe ya faɗi shekarun Marie: shida. Ashe 'yarsa ce. Aure ne ya mutu, uwar ta tafi da yarinya. Minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, ba ihu, jitar ma a hankali take tafiya. Kuma a bayan faifai aka sa ta, Back in the U.S.A. ce a gaba. Wanda yake da wadda ta fi wannan ya kawo mu ji.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Malam, kai ka yi boko, kalmomi kake ji. Mu da muka fara jin mutumin nan a garmaho, ko kalma goma ba mu tsinta a ciki, amma mun san abin da muka ji.

Ina yaron shago a wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wani ya kawo garmaho gyara, ya bar ƙananan faya-fayai guda biyar a cikin murfin, bai dawo ba sai bayan wata huɗu. A ciki akwai Johnny B. Goode. Faifan ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, allura tana tsalle, sai mu ɗora kwabo a kan hannun allurar don ta zauna. In maigida ya tafi cin abinci sai in sa. Wallahi da jitar nan ta buɗe, kafin ma a ce uffan, telan da ke kusa da mu yakan ɗage ƙafa daga kan keke. Masu wucewa su tsaya a bakin ƙofa. Babu wanda ya san me ake cewa a cikinmu. Waƙar da za ta tsayar da wanda ba ya jin yaren, ai ita ce waƙa. Taka sai an yi wa mutum fassara tukuna.

Malamin Turanci:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban raina ta ba ko kaɗan. Amma ita ma ɗin labari ne a cikinta: yaron ƙauye a Louisiana, gidansu na katako da ƙasa, bai iya karatu sosai ba, yana zama a gindin bishiya kusa da layin dogo yana kaɗa jita daidai da ƙarar jirgi, uwarsa tana ce masa wata rana za a rubuta sunansa da fitilu. Shi kansa Berry a titin Goode aka haife shi a St. Louis a 1926, daga nan sunan ya fito. Kuma da bakinsa ya ce da farko yaro baƙar fata ya rubuta, ya mayar da shi yaron ƙauye don gidajen rediyo su yarda su sa. Kun ga ko a nan ma alƙalaminsa ne ke aiki.

Ɗan Jita:
Baba, ina bayanka, amma da ɗan gyara. Shekara shida ke nan ina koyon jita, kuma buɗewar Johnny B. Goode ta ci mini wata biyu kafin yatsuna su yarda. Sirrin shi ne ba tsirkiya ɗaya yake bugawa ba, biyu yake dannewa da yatsa guda ya buga su tare, shi ya sa sautin yake da kauri kamar mutum biyu ne ke kiɗan. Sai kuma ya riƙa ture tsirkiya sama har sautin ya kai inda yake so, wannan daga wurin wani mai jita da ya gabace shi, T-Bone Walker, ya gani.

Gyaran shi ne, buɗewar ba tasa ba ce gaba ɗaya. Ku nemo Ain't That Just Like a Woman ta Louis Jordan, 1946. Mai jitarsa Carl Hogan ne ya fara buga wannan layin, kusan sak. Berry ya ɗauko, ya ƙara masa wuta da sauri. Bai ma ɓoye cewa Jordan da Hogan malamansa ne ba.

Baba Mai Rediyo:
To ɗana, wa ya san Carl Hogan yau in ba irinku masu bin diddigi ba? Kowa na da gero, amma ba kowa ya iya fura ba.

Direban Tirela:
Ku gafarce ni, yanzu na tsaya na ga abin da ake. Ni Maybellene ce tawa, kuma ba na jin kunyar faɗin dalili: waƙar mota ce da wanda ya san mota ya rubuta. Yana cikin Ford ɗinsa mai V8, ya hango matar a cikin Cadillac, ya bi ta. Injinsa ya yi zafi, ya fara ja da baya. Sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko ya shiga ƙarƙashin bonet ya sanyaya injin, mota ta dawo hayyacinta, ya cim mata a kan tudu. Duk direban da ya taɓa hawa tudu da kaya yana kallon allurar zafi tana hawa, ya san abin da mutumin nan yake faɗa. Ni na sha tsayawa a Hawan Kibo ina jiran inji ya huce. Mawaƙi nawa ne zai tuna da zafin inji a tsakiyar waƙar soyayya?

Malamin Turanci:
Yauwa Oga! Ka ga ka dawo gefena ba ka sani ba. Abin da nake faɗa ke nan: mutumin yana gani, kuma abin da ya gani yake sa wa a waƙa.

Labarin Maybellene ma abin ji ne. A watan Mayun 1955 ya je Shikago, ya sami babban mawaƙin nan Muddy Waters ya tambaye shi inda zai kai waƙoƙinsa, shi ya tura shi wurin Leonard Chess mai kamfanin faya-fayai na Chess. Berry ya ɗauka waƙarsa ta blues, wato salon kiɗan baƙar fatar Amurka, za a so, sai Chess ya zaɓi wadda ya gina a kan Ida Red, tsohon kiɗan Turawan karkara. Baƙar fata yana rera kiɗan farar fata, lafazinsa tas, har wasu masu sauraren rediyo suka ɗauka Bature ne. Ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin baƙar fata na mujallar Billboard mai auna kasuwar waƙoƙi, ta biyar a babban jeri. Amma da faifan ya fito sai ya ga sunan mutum biyu kusa da nasa a matsayin marubuta, Alan Freed mai gabatar da shiri a rediyo da wani Russ Fratto, alhali ko harafi ba su rubuta ba. Haka ake sayen masu rediyo a lokacin. Sai 1986 waƙar ta koma sunansa shi kaɗai. Shekara 31.

Direban Tirela:
Ikon Allah. Shi ya sa na ji an ce daga baya ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗan Jita:
Haka ne. Shi kaɗai yake tafiya da jitarsa, ya ce wa masu shirya wasa su nemo masa makaɗa a garin, a kan cewa duk makaɗi ya san waƙoƙinsa. Sau da yawa ko gwaji ba a yi. Shi ya sa wasanninsa na baya wasu suna da daɗi, wasu kuwa ba sa sauraruwa.

Tunda an zo kan haƙƙi, kada a manta da Johnnie Johnson mai fiyano. Asali ƙungiyar tasa ce, shi ya ɗauki Berry a jajibirin sabuwar shekarar 1953 don ya cike gurbin wani. In ka zo koyon waƙoƙin Berry za ka tarar da yawansu a kan muryoyin da suka fi sauƙi ga mai fiyano suke, ba ga mai jita ba. Keith Richards, mai jitar ƙungiyar Rolling Stones, ma ya faɗi haka. A 2000 Johnson ya kai ƙara yana neman a sa sunansa a waƙoƙi da dama, kotu ta kori ƙarar saboda lokaci ya ƙure. Ni duk sanda na ji Roll Over Beethoven ko School Days, kunnena ɗaya yana wurin fiyano.

Maman Iman:
Sannunku. Ina ta karantawa tun ɗazu. Yaya Malam, ka ce ka bi waƙoƙinsa daga 1955 zuwa 1964, amma ba ka faɗi me ya sa aka ji shiru a tsakiya ba. Gidan yari ya je. A ƙarshen 1959 aka kama shi a kan yarinya 'yar shekara 14 da ya ɗauko daga wata jiha ya kawo kulob ɗinsa na St. Louis. Na san an soke hukuncin farko saboda kalaman wariyar launin fata da alƙalin ya yi, kuma na san yadda ake farautar baƙar fatar da ya yi suna a zamanin. Amma an sake shari'a, an sake samunsa da laifi, ya zauna daga farkon 1962 zuwa Oktoban 1963. Sannan a 1990 mata da yawa suka kai shi ƙara a kan kyamara a banɗakin gidan abincinsa, aka sasanta da kuɗi. Ni uwa ce. Sweet Little Sixteen tana da daɗin kiɗa, amma tun da na san wannan ban ƙara iya jin ta yadda nake ji a da ba. Ba cewa nake a daina saurare ba. Cewa nake in za a yabe shi, a faɗi wannan ma.

Malamin Turanci:
Gaskiyarki ƙanwata, kuma ya kamata a ce ni na fara faɗa. Ba ni da abin da zan kare shi da shi a kan yarinyar nan. Wariyar da aka nuna masa gaskiya ce, shekarun yarinyar ma gaskiya ne, ɗaya ba ya goge ɗaya.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni wannan yau na fara ji. A zamaninmu faifai kawai ke zuwa, labarin mai shi ba ya biyo shi. Raina ya ɓaci.

Maman Iman:
Amin Baba. Kuma don kada a ce na zo ɓata hira ne, ni ma ina da zaɓi: Brown Eyed Handsome Man ta 1956. Idanu ya ambata a suna, amma duk baƙar fatar Amurka ya gane launin fata ake nufi. A shekarar da ake ƙaurace wa motocin bas a Montgomery saboda wariya, shi yana waƙa a rediyo cewa namiji baƙi kyakkyawa ne, mata na son sa, ga shi har a filin wasa yana cin nasara. Ya faɗi abin da ba a faɗa, ta hanyar da ba wanda zai iya hana sa faifan.

Na Damagaram:
Ina gaida manya. Ni ta baya na shigo wurin Chuck Berry. A kaset ɗin Peter Tosh, mawaƙin rege na Jamaika, na fara jin Johnny B. Goode, wanda ya yi a 1983, ya mayar da yaron ɗan Jamaika. Shekaru ina ɗauka waƙar rege ce. Da na ji ta asali sai na ga kamar an saki doki.

Amma tawa ita ce You Never Can Tell ta 1964. Mu da muka yi makaranta da Faransanci, kunnenmu yakan tashi in mun ji ta, don akwai kalmomin Faransanci a ciki, angon ma Pierre ne sunansa, irin mutanen New Orleans. Yara biyu ne suka yi aure da ƙuruciya, tsofaffi suna kallo. Sai ya bi ɗakinsu yana lissafa abin da suka tara: kayan ɗaki masu araha, firji cike da abincin kanti, garmaho da faya-fayai 700, daga baya angon ya sami aiki suka sayi tsohuwar mota suka koma garin da aka ɗaura auren don murnar zagayowar shekara. Kamar mai duba kayan ɗakin amarya. Kuma jita ba ta da yawa a ciki, fiyano ne ke jan ta. Yaran yanzu a fim ɗin Pulp Fiction na 1994 suka san ta.

Malamin Turanci:
To ga abin da ke ɗaure mini kai. Wannan da ka ambata, da Nadine, da No Particular Place to Go, da Promised Land, duk a 1964 suka fito, bayan an sako shi. Oga Direba, kai da kake son hanya, ka taɓa sauraren Promised Land da kyau?

Direban Tirela:
Na ji ta a muryar Elvis Presley. Sunayen garuruwa ne rututu, ban bi ba.

Malamin Turanci:
To bari in bi da kai. A gidan yari ya rubuta ta, da littafin taswira ya auna hanyar. Talaka ne ya taso daga Norfolk a jihar Virginia zai je California. Ya hau bas, ya bi ta Raleigh da Charlotte, ya kai Atlanta, mota ta mutu a tsakiyar Birmingham ta Alabama. Ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Mississippi cikin dare zuwa New Orleans. A Houston 'yan uwa suka saya masa kwat da jaka suka sa shi a jirgin sama. Da ya sauka Los Angeles, abu na farko da ya yi shi ne neman waya ya gaya wa na gida ya iso.

Yanzu ku ɗora wannan a kan 1961. A shekarar ne matasa baƙaƙe da farare suka riƙa hawa bas tare suna ratsa Kudu don karya wariya a tashoshin mota. A Rock Hill aka lakaɗa wa ɗaya daga cikinsu, John Lewis, duka, a kusa da Anniston aka ƙona bas ɗinsu, a Birmingham aka far musu da sanduna. A waƙar, Berry ya ce motarsu ta kauce wa Rock Hill ba ta tsaya ba. Ya ce ta mutu a Birmingham. Ya nuna ba ya son ko minti ɗaya a Mississippi. Bai ambaci wariya ko sau ɗaya ba. Amma baƙar fatar da ya ji waɗannan sunaye a 1964 ya san abin da ke jiran mutum irinsa in mota ta mutu masa a nan. Mutumin da ke kulle a ɗaki, yana bin hanya da yatsa a kan takarda. In ba don Memphis ba, da ita zan ba ta ɗaya.

Direban Tirela:
Yanzu na sa ta sau biyu a nan inda na faka. Malam, hanyar daidai take tafiya, ba ya tsallake gari ya dawo baya. Wannan aikin wanda ya zauna ya yi lissafi ne. Amma Maybellene tana nan a inda na ajiye ta.

Ɗan Jita:
Abin haushi, duk waɗannan da muke lissafawa babu wadda ta zo ta ɗaya a babban jerin Amurka. Sweet Little Sixteen ta tsaya a ta biyu, Johnny B. Goode a ta takwas. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce My Ding-a-Ling a 1972, waƙar batsa ta wasa da aka ɗauka a wani taro a Coventry ta Ingila, kuma ba ma shi ya rubuta ba, ta Dave Bartholomew ce. A halin da waƙar farko da Rolling Stones suka fitar a 1963, Come On, tasa ce. Beatles sun rera Roll Over Beethoven da Rock and Roll Music. Beach Boys sun kwashe karin Sweet Little Sixteen suka yi Surfin' U.S.A., sai da aka sa sunansa a kai.

Baba Mai Rediyo:
Ku bar zancen jeri. Jikana ya nuna mini cewa a 1977, da Amurka za ta harba kumbon Voyager guda biyu, an liƙa wa kowanne faifai mai ruwan zinare ɗauke da sautukan duniya, ko wata halitta za ta tsinta. An sa kiɗan manyan makaɗan Turai na da, Bach da Beethoven ɗin da shi Berry ya ce ya matsa gefe a waƙar Roll Over Beethoven, an sa kiɗan Afirka ta Yamma. A kiɗan rok guda ɗaya aka zaɓa. Malam, faɗa musu wacce ce. Kuma ka lura, wanda aka yi faifan dominsa ba ya jin Turanci, kamar ni da telan nan na Sabon Gari.

Malamin Turanci:
Johnny B. Goode ce Baba, ba musu. A wannan ka kama ni.

Amma bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Shekara huɗu ke nan da muka rabu da uwar 'yata. Suna wani gari mai nisa. Ranar Juma'a da yamma nake kira, in wayar uwar na kusa a ba ta, in ba ta kusa sai wani mako. Watan jiya ta kira ni da kanta da wata lambar da ban sani ba, ina aji wayar na kashe. Da na fito na bi lambar, mai shagon caji ne, ya ce wata yarinya ce ta roƙe shi, ta tafi. Na daɗe da sanin Memphis, har na sha kawo ta misali ga ɗalibai a kan yadda ake ɓoye ƙarshen labari. Ranar ban iya kai ta ƙarshe ba.

Maman Iman:
Allah sarki Yaya. Allah ya raya ta, ya daidaita tsakaninku. Ka nemi wani babba a dangin uwar ya tsaya maka a kan maganar kiran nan, kada ka bar shi a hannun sa'a.

Na Damagaram:
Amin. Allah ya sa ka ji muryarta wannan Juma'ar, Malam.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, yanzu na gane. Allah ya haɗa ka da ita cikin alheri. Ban sauka daga kan Johnny B. Goode ba, ita na ji ina yaro kuma da ita zan tsufa. Amma na sa jikana ya nemo mini Memphis ɗin, na ce ya zauna kusa da ni ya riƙa tsayarwa yana fassara mini baiti baiti. Mun kai wurin da kawun ya rubuta saƙo a bango aka kira magariba. In mun dawo za mu ƙarasa.